Nonon raƙumi ba maganin sankarar mama ba ne

Saƙon muryar nan da ke yawo a WhatsApp, wai Turawa sun tabbatar madara na warkar da sankarar mama, ya shiga gidaje da dama a nan Tawa. Masu sayar da nonon raƙumi kuwa kakarsu ta yanke saƙa. Abin haushin, ƙaryar ta jingina ne da wata gaskiya.

A 1995 masu bincike a jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin, ƙarƙashin Farfesa Catharina Svanborg, suka gano cewa wani furotin na nonon uwa, alpha-lactalbumin, idan ya haɗu da wani irin maiƙo yana kashe ƙwayoyin sankara a ɗakin gwaji, ya ƙyale lafiyayyu. Suka raɗa masa suna HAMLET. To amma da aka gwada shi kan masu sankarar mafitsara, ta bututu ake zuba shi kai tsaye cikin mafitsarar. Ba a ƙwarya aka miƙa musu suka kurɓa ba. Furotin ɗin da aka sha, ciki narkar da shi yake yi.

A Cleveland ta Amurka ma, tun 2021 ake gwajin wata allurar riga-kafi da ke koya wa garkuwar jiki farautar wannan furotin, domin yana bayyana a wata sankarar mama mai wuyar magani. Gwaji ne har yanzu.

Abin da ya tabbata shi ne shayarwa: babban nazarin da aka fitar a 2002 ya nuna kowane wata 12 na shayarwa na rage haɗarin kamuwa da sankarar mama da kusan kashi 4 cikin 100. Ragi ne kawai, mai ƴaƴa goma ma tana kamuwa.

Ni ban ga laifin matar da ta ji ƙullutu ta yi shiru ba. Tsoron a yanke mata mama ne, ga kunya, ga Yamai da nisa sama da kilomita 500, ga kuɗin mota da masauki. Sai a ce mata ga sauƙi a cikin gora. Ta yi ta sha ana shafa mata, har wurin ya fashe, tana rufe shi da tsumma tana turara ɗaki kada kishiya ta ji wari. Sai a lokacin ake neman mota.

Laifin na masu tura saƙon ne, da mazan da ke cewa a bari sai bayan girbi. Cibiyar yaƙi da sankara ta Yamai tana da na'urar gashi, mai ƙona ƙwayoyin sankara, tun 2021. Yaya, inna, ki sha nonon raƙuminki don daɗi, amma ƙullutun nan ungozoma za ki nuna wa, a satin da kika ji shi.