A mayar wa yaran Zariya da la'asar ɗinsu

Duk mai son ya san abin da yaro ya fi so tsakanin gem da wasan waje, ya samu dakali a Tudun Wada ko cikin Birni bayan sallar la'asar ya zuba ido. Ga yaro ɗan shekara tara a zaure, ya duƙufa kan wayar yayansa, babban yatsa sai sharar gilashi yake. Can sai ƙwallo ta daki ƙyauren gidan, wani ya ƙwala kira daga waje: "Kai, mutum ɗaya ya rage mana, zo ka tsare raga!" Ko tsayawa kashe wayar ba zai yi ba. A kan tabarma zai yar da ita, ya fice da silifa wari ɗaya a ƙafa, ɗayan a hannu.

Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ji iyaye na cewa yaran yanzu waya ta lalata su, ba su son wasa. Suna so. Yaron da bai kai shekara goma sha biyu ba, in dai akwai fili, akwai abokai, akwai izini, da wuya ya zaɓi zaman ɗaki. Abubuwa ukun nan kuwa mu manya muka karɓe su ɗaya bayan ɗaya, muka miƙa masa waya don ya bar mu mu huta, sannan muka dawo muna ɗora masa laifi.

Ku lissafa ranar yaro ɗaya. Ƙarfe bakwai ya fita boko, ba zai dawo ba sai wajen biyu. Ya ci abinci a tsaitsaye, ga mai lesin ya iso. Ƙarfe huɗu Islamiyya har shida. Bayan magariba makarantar dare ko aikin gida. A ina zai yi gudu? Tazarar da ta rage masa minti goma nan, minti ashirin can, ba ta isa a tara yara a raba ƙungiya ba, amma ta isa a buga zagaye biyu na gem. Waya ta dace da guntun lokaci, wasan waje kuwa sai da sarari. Fili ma haka. Wuraren da yara ke langa a unguwanni da yawa an yanka su fulotai, an jera shaguna a bakin hanya, lungun da ya saura kuma babura da Keke sun mayar da shi titi. Uwar da ta hana ɗanta fita saboda tsoron mai babur ko ɓatan yara ba ta yi laifi ba, tsoronta gaskiya ne. Sai dai kulle yaro da waya shi ma yana da nasa farashin, kuma a jikin yaron ake biya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 a kullum na motsin da zai sa shi haki da gumi. A ƙa'idar da ta fitar a 2019 kan ƙananan yara, ta ce ɗan ƙasa da shekara biyu kada a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana, in ya gaza haka ya fi. Batun ido ne ya fi damuna, don shi ne iyaye ba su cika ji ba. Idon yaro yana girma ne har ya balaga, kuma idan ya daɗe yana kallon abu kusa a cikin ɗaki mai ƙarancin haske, ƙwayar idon kan yi tsawo fiye da kima, sai ya daina ganin nesa, rubutun allo a aji ya koma masa dishi-dishi. Hasken rana yana rage wannan. A birnin Guwanzu na ƙasar Sin an ƙara wa 'yan firamare minti 40 na zama a waje kowace ranar makaranta, aka bi su shekara uku, sakamakon ya fito a 2015: kusan kashi 30 cikin ɗari ne suka kamu da rashin ganin nesa, alhali a makarantun da ba a ƙara ba abin ya kusa kashi 40. Taiwan tun 2010 ta nemi makarantu su riƙa fitar da yara awa biyu a rana saboda wannan dalili. Ba sai an tsaya cikin tsananin rana ba, inuwar mangwaro ko ta darbejiya ma ta ninka hasken falo sau da yawa. Rana kuwa Allah Ya hore mana ita a Zazzau kyauta.

To yaya za a yi a aikace? Fara da lokaci. A ware awa ɗaya cur, ba guntu-guntu ba, kuma ta zama sananniya ga yaran layin gaba ɗaya, domin yaro ɗaya a waje ba wasa yake ba, gadi yake. Alhamis da Juma'a da Islamiyyu da yawa ke hutu su ne mafi sauƙi, daga biyar saura zuwa kiran magariba. A watannin Maris da Afrilu kada a bar su gudu tsakanin sha biyu da huɗu, kuma kowa ya sha ruwa kafin ya fita, ba sai ya ji ƙishi ba. Lokacin hunturu a yayyafa wa filin ruwa bokiti biyu ko uku don ƙura ta kwanta, mai asma kuma ya fita da abin shaƙarsa a aljihu. Da damina, da an ji tsawa a tashi wasa, kuma kada a fake ƙarƙashin bishiya.

Fili ba sai babba ba. Taku arba'in a tsawo, talatin a faɗi ya ishi yara biyar-biyar su buga ƙwallo, rabin haka ma ya ishi langa. Kafin a fara, babba ɗaya ya bi filin da ƙafa ya tsince fasasshiyar kwalba, ƙusa, guntun kwano da wayar ƙarfe. Ya duba ko akwai rijiya ko masai marar murfi, ko wayar wuta da ta sauko, ko taransifoma marar shinge a kusa. Ragar kada ta fuskanci titi, don yaron da ke bin ƙwallo ba ya duba hagu da dama. Ƙwallo kuma a sayi daidai su: lamba 3 ga 'yan ƙasa da shekara takwas, lamba 4 har zuwa sha biyu. Lamba 5 ta manya ce, tana da nauyi a ƙafar ƙaramin yaro, kuma idan ta same shi a fuska sau ɗaya sai ya ƙi komawa.

Wasanninmu na gado ba su buƙatar ko sisi, kuma abin takaici yara da yawa ba su iya su ba don babu wanda ya nuna musu. Langa ta ishe mu misali. Yaro ya kama babban yatsan ƙafa ɗaya ta baya da hannu, yana tsalle da ɗayar, kowane ɓangare da ruwansu, wato ɗan wasan da ake karewa har ya kai gida, wanda ya saki ƙafa ko ya faɗi ya fita. Minti goma na langa yana jiƙa riga sharkaf, yana ƙarfafa cinya da idon sawu, yana koya wa yaro tsayuwa daram idan an bangaje shi. A haɗa sa'o'i da sa'o'i, a hana turi ta baya, a yi ta kan yashi ba kan siminti ba. 'Yan mata ga 'yar gala-gala, ga carafke, ga gaɗa, kuma tsakar gida mai faɗi ta wadatar, don haka maganar "mace ba ta fita" ba hujjar barinta da waya ba ce. Mai son wasan ƙwaƙwalwa a haƙa masa gurbin dara: layi biyar, rami shida-shida, talatin ke nan, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, wannan tsinke wancan tsakuwa. Wanda ya jera uku ya ci ɗaya na abokin karawa. Bayan kaka kuma ga karan dawa ko'ina a gefen Samaru da Shika: a ɓare bayan karan a yi tsinkaye, a yanka totuwar ciki a yi gangar jiki, a yanko taya daga tsohon silifa, mota ta tashi. A gargaɗe su dai, ɓawon kara yana yanka kamar reza.

Akwai wurin da ba na goyon bayan a saki yaro ko kaɗan, wato kududdufi da rafi. Ban da nutsewa, ruwan da ke kwance yana ɗauke da ƙananan katantanwa masu yaɗa tsargiya. Tsutsar ta fata take shiga, ba sai an sha ruwan ba, bayan makonni yaro ya fara fitsari da jini a ƙarshensa. Wannan ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu ke ɗauka, cuta ce, kuma tana da magani a asibiti. Yaron da ya taka ƙusa a wanke wurin da ruwa da sabulu, a duba katin rigakafinsa, a kai shi a duba batun allurar tetanus, kada a tura ƙasa ko toka a ciwon. Cizon kare kuwa a wanke da sabulu minti 15 a ruwa mai gudu, a wuce asibiti a ranar.

Su wa za su tsare? Gida biyar ko shida a layi ɗaya su yi karɓa-karɓa, kowace rana babba ɗaya ya zauna a bakin filin. Aikinsa ya ga wanda ya zo da wanda ya tafi, ya tsayar da babur, ya kori baƙon da ba a sani ba. Ba alƙalanci aka sa shi ba. Gardamar "ta fita" da "ba ta fita ba" a bar musu su warware da kansu, a nan suke koyon haƙuri da sulhu, sai in an kai ga dambe.

Gem ɗin kansa ban ce a haramta ba. Ranar ruwan sama ko ranar da yaro ke jinya yana da amfani, kuma ba kowane mai buga shi ne ya kamu ba. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin cututtuka, wanda ya fara aiki a 2022, shi ne halin wanda gem ya fi ƙarfinsa har ya bar karatu da barci da mutane, ya kuma ci gaba duk da yana ganin illar, yawanci tsawon shekara guda. Amma a san cewa da gangan aka ƙera waɗannan wasanni kada su ƙare: kowane 'yan daƙiƙu lada, kowace rana kyautar da za ta wuce ka in ba ka shiga ba. Shi ya sa fizge waya a tsakiyar zagaye ke jawo kuka da birgima. A ce masa "idan wannan wasan ya ƙare ka kawo", a kuma tsaya a karɓa. Waje ya zo farko, gem ya biyo baya, minti talatin zuwa awa ɗaya ga ɗan firamare. Waya ta kwana a ɗakin iyaye, a ɗauke ta awa ɗaya kafin barci, don ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12. Mai zuwa gidan gem kuma a san gidan, a san mai shi, a san kuɗin da ya tafi da su da lokacin dawowarsa.

Roƙona ga masu unguwanni da shugabannin makarantun firamare na gwamnati: filayen makarantun nan da yawa suna zaune babu kowa daga ƙarfe biyu har dare. Kwamitin iyaye ya je da takarda a rubuce, da sunayen manyan da za su riƙa tsaro da ranakunsu, da alkawarin share wurin da biyan gilashin da ya fashe, a nemi a buɗe wa yaran unguwa ƙofa daga biyar zuwa shida, ko da kwana uku ne a mako.