Mun kai ta da wuri, sai me ya faru?

Wallahi duk wanda ya sake ce min mutanen ƙauye ba sa kai matansu asibiti sai abu ya ɓaci, sai mun kwashi 'yan kallo da shi. Mu ai mun kai. Autarmu shekararta 17, cikin fari, ta dawo gida goyon ciki tun yana wata bakwai, kuma ko awo ɗaya ba ta tsallake ba don ni nake goya ta a mashin duk ranar Talata. To me ake mata a awon? A shafa ciki, a miƙo mata jar ƙwayar ƙarin jini da 'yar rawayar nan, a yi rubutu a kati, shi ke nan ku tafi. Abin awon hawan jini wai ya lalace tun kafin azumi, fitsari kuwa ko sau ɗaya ba a gwada ba. Yarinya ƙafa ta kumbura har silifas ya daina shiga, fuska ta yi suntum, kullum "Yaya kaina kamar zai tsage", tsofaffin gida na cewa ai tagwaye ne. Su kam na yi musu uzuri, amma ke malamar asibiti da kika yi makarantar abin fa?

Naƙuda ta taso wajen ƙarfe 11 na dare, kuma kun san kunyar haihuwar fari, ta cije ta ƙi faɗa sai da Inna ta gan ta durƙushe a bayan ɗaki. Muka isa asibitin garinmu, kwaɗo a ƙofa. Maigadi ya ce malamar a gidanta take kwana, na figi mashin na ɗauko ta. Babu wuta, solar da aka yi bikin buɗewa har da makaɗa batirinta ya mutu, da tocilan wayata Inna ta haska. Ba a jima ba jijjiga ta kama ƙanwar tawa, ido ya juye, ta taune harshe jini na bin haɓarta, ina daga waje ina jin salatin Inna. Akwai allurar da ake yi wa mai jijjiga, magniziyam salfet, ba wata tsada gare ta ba, kowane ɗakin haihuwa ya kamata a ce tana nan a ajiye. Malama ta leƙo ta ce Malam babu fa, ku wuce babban asibiti. Motar ɗaukar marasa lafiya tana nan a fake tayoyi a sace, kaji sun mayar da ƙarƙashinta akurki. Golf muka yi shata, tafiyar da ba ta kai kilomita 40 ba ta ci mana kusan awa biyu saboda ramuka.

Muna shiga abin da aka fara tarbar mu da shi, "sai yanzu kuke kawo ta?" Haba Sista! Na zaro katin awo na nuna mata, ko kallo bai ishe ta ba, ta miƙo min takarda, safar hannu, ruwan leda, zaren ɗinki, jini leda biyu, har da kuɗin man janareta. Na ce ba a watan Nuwamban 2024 ministan lafiya Farfesa Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga marasa hali ba, da kunnena na ji a rediyo, ta ce nan dai bai iso ba. Ƙarfe uku na dare ina buga ƙofar mai kemis, ina kiran abokai su zo a gwada jininsu. Likita ɗaya ne tal a asibitin, shi kam ba zan ci haƙƙinsa ba, tun safe yake tsaye idonsa ya yi ja wur. Ya ceto ta, amma yaron ya riga ya koma, namiji ne, kafin hantsi muka binne shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata kusan 75,000 suka rasu wajen ciki da haihuwa a Najeriya a 2023, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya, a ƙasar da aka zauna a Abuja tun 2001 aka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi wa lafiya. Saura ƙiris ƙanwata ta shiga lissafin nan a kan abin awon jinin da bai kai kuɗin ragon suna ba.

Yanzu tana wankan jego ba goyo, nono na jiƙa mata riga, masu zuwa jaje na ta cewa a yi haƙuri haka Allah Ya ƙaddara, kuma na yarda. Amma Talatar da ta wuce na bi ta asibitin, 'yan mata masu cikin fari sun fi goma jere a benci, wata ko kai autarmu ba ta yi ba. Na tambayi malama ko an gyara abin awon, ta ce an dai rubuta takarda sama ana jiran amsa.