Aure Ya Mutu, Asusu Ya Ƙi Mutuwa

Wai don Allah, wane irin tsari ne wannan, da auren shekara bakwai zai ƙare da takarda guda mai layi biyu, amma asusun haɗin gwiwa da muka buɗe domin kuɗin haya ya gagari rufewa? Na yi idda na gama, an kwashe kayan ɗakina har da tsintsiya, amma duk sanda na shiga banki sai ma'aikaciyar ta yi murmushi ta ce, "Hajiya, sai dai ku zo tare da Maigida, domin rufewa sai da sa hannunku ku biyu." Wane maigida kuma? Mutumin da ya toshe lambata tun kafin azumi, shi zan riƙo wa hannu mu shiga layi kamar ango da amarya? Na kai BVN, na kai NIN, na kai hoton fasfo har sau uku, na kai takardar sakin kanta, suka jujjuya ta suka ce ba ta da gurbi a fom. Abin da ya rage a ciki bai kai naira 4,000 ba, kuma kullum ana gutsurarsa da sunan kuɗin alat, alhali abin da na ba 'yan adaidaita-sahu wajen zarya ya ninka shi. Ranar da na cire naira 500 kuwa, alat ya faɗa wayarsa, sai ga ƙanwarsa ta kira ni tana tambayar abin da na saya.