Tsohon Injin Fotokofi Ma Ya Zama Amarya a Katsina

Wallahi na gaji! Ka sayo injin fotokofi sabo dal a kwalinsa, ka biya kuɗin mota tun daga Legas, ka ɗora 'yar riba, sai wani ya kwaso tokunbo daga kasuwar Alaba ta Legas, ya goge shi tas, ya mayar da mitar kwafi sifiri, ya naɗe a leda ya rantse sabo ne, kuma a rabin farashinka! Injin da ya gama tsufa a ofisoshin Turai shi ne yau amarya a Ƙofar Ƙaura? Ofis ya nemi takardar farashi daga kamfani uku, mutum ɗaya zai kawo duka ukun, suna daban, hatimi daban, lambar waya ɗaya, ko kunya babu. Tona fa, wato garin tawadar injin? A ɗura baƙin gari a tsohon mazubi, a liƙa tambarin Canon, kwafi ya fito duk zane-zane. Garantin shekara a baki kawai, ranar da dirom, wato gangar da ke ɗora rubutu a takarda, ya mutu waya a kashe, wai ya tafi Kano. Ni kuwa sai a ce, "Alhaji, kayanka da tsada," alhali na goron mai sa hannu ne ban ajiye ba. Kuma in hunturu ya shigo, ƙura ta cika injin, takarda ta fara maƙalewa, wa ake bugo wa da sassafe? Ni! "Don Allah Alhaji, turo yaronka ya duba mana." Yarona? Shi wanda ya sayar muku ɗin ƙasa ce ta haɗiye shi?