Tortiya ba da garin tuwo ake yin ta ba

Ina yawan jin ana cewa tortiyar Meziko, wato wata gurasa mai fele-fele da ake ci a can, ai garin masara ne kawai da ruwa, a kwaɓa, a murza, a gasa. Ba abin mamaki ba ne a ɗauka haka, domin masarar ce dai. Amma wanda ya gwada da garin tuwo zai ga ƙullin yana tsagewa a gefe, kafin ya kai kasko ya farfashe.

Sirrin yana gabanin niƙa. Ana dafa busasshiyar masara sama-sama a ruwan da aka zuba wa wani farin gari da suke kira kal, wanda ake samu daga ƙonannen farin dutse. Wasu kuma da tokar itace suke yi. A bar ta ta kwana a jiƙe, da safe a cuɗa a wanke, dusar ta saɓule, sannan a markaɗa ta da danshinta. Wannan dahuwar ce ke ba ƙullin danƙo da ƙamshinsa. Ita ce kuma ke sa jiki ya iya amfana da bitamin B3 na masarar, wanda rashinsa ke kawo felagira, wata cuta mai ɓata fata.

Garin tortiya na leda irin su Maseca yana yi, saboda an riga an yi masa wannan aikin kafin a busar.