Haiku ba yanka jimla gida uku ba ne

Kun dai ga waƙoƙin da aka zaɓa a gasar haiku, gajeriyar waƙar nan ta Japanawa, da aka yi da Hausa a makon jiya. Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutum ya ɗauko jimlar nasiha, ya yanka ta gida uku, ya ƙirga gaɓoɓi biyar, bakwai, biyar da yatsu, aka tafa masa. Har ɗaya daga cikin alƙalan yana cewa wai abu mai layi uku ba ya buƙatar karatu.

Yana buƙata, malam. Ko ƙirgar da kuke taƙama da ita ba haka Japanawa suke yi ba. Dogon wasali biyu suke lissafa shi, kuma Bahaushen da ya san gaɓa mai nauyi da marar nauyi a karin waƙa ya fi kowa saurin gane wannan. Sannan haikun gargajiya sai da kalmar da za ta nuna lokacin shekara, har kundi suke da shi na waɗannan kalmomi, saijiki. Mu da muke da hunturu da bazara da damina da kaka, a duk waƙoƙin nan ban ga hazo ba, ban ga shamuwa ba. Sai "rayuwa" da "soyayya" kawai.

Za a ce ai da Hausa muke rubutawa. To sai me? Wa ya taɓa rubuta ƙwar biyar, waƙa mai layi biyar a kowane baiti, bai saurari magabata ba? Za a ce ƙarfafa matasa ake yi. Littafi za ku ba su in da gaske kuke.

Ku karanta. Matsuo Basho, babban mawaƙin Japan wanda ya rasu a 1694, bai ma kira nasa haiku ba. Hokku ne, buɗin doguwar waƙa da mawaƙa da yawa suke saƙawa tare, kowa ya ɗora a kan na ɗan'uwansa. Masaoka Shiki ne ya yaɗa sunan haiku a ƙarshen ƙarni na 19. Kobayashi Issa kuwa, da agana ta kashe 'yarsa ƙarama a 1819, layi uku ya yi, yana cewa ya san duniya raɓa ce, amma zuciya ta ƙi haƙura. Duk wanda ya taɓa binne yaro ya san abin da mutumin nan yake nufi. Wannan nauyin ne ake so a mayar da shi wasan yatsu? Ku karanta, don Allah.

Ni ma littattafai nake nema. Ina son Man'yoshu, kundin ƙarni na 8 mai waƙoƙi sama da 4,500, wanda ya haɗa na sarakuna da na sojojin tsaron iyaka. Ina son kundin waƙoƙi na Kokinshu na wajajen 905, da labarin tafiyar Basho arewa ta 1689. Fassarar Turanci ta wadatar. 'Yan'uwana na Nijar, ko ta Faransanci ce ku yi mini magana, zan biya kuɗin mota.

Af, akwai kuma Hyakunin Isshu, mawaƙa 100 kowa waƙa ɗaya, da Fujiwara no Teika ya tara a ƙarni na 13. Har yau karta ake yi da shi lokacin sabuwar shekara: a rera farkon waƙa, yara su yi rige-rigen cafke katin da ke ɗauke da ƙarshenta. Wanda zai dawo daga Japan, ina son katin nan ma.