Ranar da na burga shayin Japan kamar miyar kuka

A majalisarmu ni ne sarkin shayi. Ni ke hura gawayi, ni ke ɗaga buta sama in tsiyayo har kumfa ta taso, ko ɗigo bai taɓa ƙasa ba. Shi ya sa da kwas na wata uku ya kai ni Kyoto, abokin karatuna ɗan ƙasar ya ce zai kai ni wurin wata dattijuwa mai koyar da chanoyu, wato shan shayinsu na gargajiya, na ce masa ya gaya mata ta shirya ƙaruwa da ni.

Tun a waje aka karɓe agogona da zobe, wai kada su karce kwanon shayi, aka sa ni sanya farar safa. Sannan aka nuna mini ƙofar ɗakin. Wallahi na ɗauka taga ce. Sunanta nijiriguchi, tsayinta bai kai santimita 70 ba, kuma tun zamanin Sen no Rikyu, babban malamin wannan fanni da ya rasu a 1591, ake yin ta haka, don ko jarumi ne ya ajiye takobinsa a waje ya shiga da rarrafe. Ni ba takobi gare ni ba, tumbi ne, kuma ba a ajiye shi a waje.

Da aka ce a durƙusa a zauna kan dugadugai, na yi murmushi, ai zaman tahiya ne. Na manta tahiya minti biyu ce.

Malama ta zaro wani jan ƙyallen alharini, fukusa, ta ninke shi a tsanake, ta goge ɗan gwangwanin shayin, ta goge ɗan siririn cokalin gora, alhali duk tas suke. A gidanmu mai goge abin da ba datti, aiki ya rasa. Tana buɗe gwangwanin na leƙa, na ga garin kuka sak. Aka ce matcha ne, wato garin koren ganyen shayi, daga Uji kusa da Kyoto. Ba sukari, ba madara. 'Yar alewar wake da aka ajiye mini a kan takarda kuwa na killace ta don in jefa a ciki, sai da abokina ya zungure ni ya ce kafin shayi ake cinye ta.

Kwanon yana da fuska, gefen da ya fi ado, kuma shi ake miƙo wa baƙo. Ladabi shi ne ka ɗora shi a tafin hagu, ka ɗan juya shi sau biyu da dama don kada bakinka ya sauka a fuskar. Ni na kama juyi kamar sitiyari, lissafi ya ɓace mini, na zagayo na kafa baki daidai inda aka hana. Abu ɗaya na ci: kurɓin ƙarshe ana so a zuƙe shi da ƙara, alamar an shanye. Na ja shi fuuut, Malama ta gyaɗa kai. Abin da Inna ta yi shekaru tana ranƙwashina a kansa, ga shi a Japan ya zama tarbiyya.

Sai aka ce in gwada haɗawa. Cokali biyu ake zubawa, na zuba huɗu, don ni ba na yin shayin marowata. Na ɗebo ruwan zafi da ludayin gora, aka miƙo mini chasen, abin kaɗa shayin. Daga guntun gora guda ake tsaga shi, tsinke wajen 80 siri-siri kamar gashi, yawanci aikin hannun mutanen Takayama ne a lardin Nara. Da yatsu uku ake riƙe shi, a kaɗa gaba da baya da wuyan hannu kawai, ba a danna shi a gindin kwano. Duk an yi mini wannan bayani. Amma hannu bai san bayani ba, maburgi ya gani. Na saka shi tsakanin tafuka na murza.

Koren ruwa ya yi tsalle ya sauka kan tabarmar tatami, ya sauka kan farar safata, ɗigo ɗaya ya samu gilashin abokina. Tsinke biyu suka karye suna yawo a saman kumfa. Malama ba ta ce uffan ba, ta dai dubi chasen ɗin kamar mai duba mara lafiya. Gara ma ta zage ni. Abokina, da yake yanzu shi ke matsayin baƙona, ya rusuna ya karɓa, ya juya sau biyu, ya shanye kunun nan idonsa na hawaye, har da zuƙar ƙarshe.

Da aka tashi na nemi ƙafafuna na rasa, sun mutu murus tun daga gwiwa. Ƙofar da na yi ta zagi a zuci ita ta rufa mini asiri, don kowa da rarrafe ya fita. Sai dai su suna fita suka miƙe suka sa takalma, ni kuwa na ci gaba da rarrafe a cikin lambu, ina yi kamar gansakukar da ke kan duwatsu nake sha'awa.